Sake zama LSAT bayan ka riga ka tura takardun neman gurbi

Daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, tambaya ɗaya ce ke yawan zuwa mini daga ƙannenmu masu neman shiga makarantun koyon aikin lauya a Amurka. Sakamakon jarrabawar LSAT ya fito, makin bai kai yadda aka so ba, takardun neman gurbi kuma wasu an tura, wasu suna kan tebur. A sake zama ko a haƙura? In za a sake, me za a gaya wa makarantun da fayil ya riga ya isa hannunsu?

Ni ma ta nan na biyo. Na tura takarduna a Nuwamba da makin da ke hannuna, na sake zama a Janairu. Sabon makin ya juya lissafi gaba ɗaya a wasu makarantun, a wasu kuwa ko gezau, kuma alkaluman kowace makaranta sun nuna hakan tun kafin in zauna. Shi ya sa idan aka yi mini tambayar nakan ce a fara kawo mini sunayen makarantun. Shawarar nan makaranta-makaranta ake yanke ta.

Ga wanda bai saba ba: LSAT jarrabawa ce da hukumar LSAC ke shiryawa ga masu neman digirin JD, karatun shekara uku da ake yi bayan digiri na farko. Makinta daga 120 ne zuwa 180. Wanda ya riga ya yi digirin shari'a a wata ƙasa yana neman digiri na biyu na LLM kawai, wannan bayanin bai shafe shi ba, don ba a neman LSAT a can.

Abin da makarantun ke gani, da abin da suke ƙirgawa

Kada ka yi tsammanin za ka ɓoye tsohon maki. Rahoton da LSAC ke aika wa makaranta yana ɗauke da duk zaman da ka yi cikin kimanin shekara biyar da suka wuce, har da wanda ka soke, sai dai shi ba a nuna makinsa. Gani kam suna gani. Amma abin da suke ƙirgawa daban. Kafin 2006, ƙungiyar lauyoyin Amurka, ABA, wadda ke tantance makarantun, tana sa su haɗa makukan ɗalibi su raba, su kai mata rahoton matsakaicin. A 2006 ta canja doka, ta ce makin da ya fi girma za a riƙa kawowa. Tun daga nan sake zama ya daina zama abin tsoro. Har yanzu akwai makarantun da ke rubuta cewa suna duba dukkan makuka, kuma gaskiya suke faɗa, amma makin da zai shiga alkalumansu na shekara, wanda mujallar U.S. News ke amfani da shi wajen jera makarantu, shi ne babban.

A nan ne ya kamata ka tsaya ka fahimci makin tsakiya, domin komai a kansa yake juyawa. A ce aji yana da ɗalibi 201. A jera su a layi daga mai ƙaramin maki zuwa mai babba. Makin na 101, wanda ke tsakiyar layin, shi ne makin tsakiya na makarantar. Shi take karewa, shi take son ɗagawa duk shekara. To lura: idan makin tsakiyar 165 ne, mai 164 da mai 152 duk a ɓangare ɗaya na layin suke, duk ƙasa suke jan ta. Mai 166 da mai 178 su ma ɓangarensu ɗaya. Ba cewa nake jami'in da ke karanta fayil ba ya bambanta 152 da 164 ba, yana bambantawa sarai. Amma ta fuskar alkaluma, maki biyu da suka tsallakar da kai daga 164 zuwa 166 sun fi maki shida da suka kai ka daga 156 zuwa 162.

Ina ake samun waɗannan alkaluman? ABA ta wajabta wa kowace makaranta ta wallafa wani rahoto duk shekara, ana ce masa rahoton 509, kuma kyauta ne a intanet. A ciki za ka ga makin LSAT na tsakiya, da na wanda ke kashi 25 daga ƙasa, da na kashi 75, haka ma sakamakon digiri na farko, da yawan waɗanda suka sami tallafin karatu da girman tallafin. Ɗauki takarda ka ja layi huɗu: sunan makaranta, makin tsakiyarta, makinka, da zaman LSAT na ƙarshe da take karɓa. Wannan takardar ta fi shawarar duk wani abokin hira. Ka tuna kuma alkaluman na ajin da ya riga ya shiga ne, na bana kan iya ɗarawa da maki ɗaya.

Akwai ƙarin dalili ga wanda ya yi digirinsa na farko a wajen Amurka da Kanada. LSAC ba ta mayar da sakamakonsa zuwa ma'aunin 4.0 da makarantu ke kai rahoto da shi. Ana tantance takardun ne a ba su daraja ta gaba ɗaya, daga mafifici zuwa ƙasa da matsakaici. Ke nan lamba ɗaya tak yake kawo wa makarantar da za ta shiga alkalumanta, ita ce LSAT. Nauyin da sauran ke rabawa gida biyu, shi a kafaɗa ɗaya yake ɗauke da shi.

Kana da hujjar cewa makin zai hau?

Ɓacin rai ba hujja ba ne. Kusan kowa ya fito daga jarrabawar nan yana jin ya fi makin da aka ba shi. Hujja ita ce jarrabawar gwaji da ka yi kafin zaman, cikakku, da agogo, ba tare da tsayawa shan ruwa ko duba waya ba. Ɗauki na baya-bayan nan guda biyar ko shida ka ga inda suka tsaya. Idan suna yawo tsakanin 165 da 168 ka fito da 160, akwai abin da ya faru ran nan, ko rashin barci, ko zazzaɓi, ko ruɗewa a sashe ɗaya da ta bi ka har ƙarshe. Kai ne mutumin da sake zama ya fi yi wa amfani, kuma ba ka buƙatar dogon shiri. Idan kuwa gwajinka 159 zuwa 162 ne ka sami 160, jarrabawar ba ta zalunce ka ba, ta auna ka daidai. Rana guda da ka taɓa samun 167 ba ita ce kai ba.

LSAC da kanta tana nuna wannan. A rahoton sakamako, ban da makin, tana ba da wani zango na 'yan makuka sama da ƙasa, alamar cewa mutum ɗaya da ilimi ɗaya zai iya samun ɗan bambanci daga zama zuwa zama. Kuma abin da ta saba bayyanawa shi ne masu sake zama, a matsakaici, maki biyu zuwa uku suke ƙarawa. Wasu sun fi haka nesa, wasu kuma ƙasa suke yi. Don haka koma kan takardarka: makarantu nawa ne maki uku za su tsallakar da kai tsakiyarsu? In akwai biyu ko uku da kake so da gaske, yi rajista. In tazarar maki takwas ce ko fiye, irin wanda ke da 162 yana hangen Yale ko Harvard ko Stanford inda makin tsakiya ya haura 170, mako shida ba za su cike ta ba. Wannan maganar shekara mai zuwa ce, zan zo kanta.

Kalandar da ke matse mutum

Yawancin makarantun suna buɗe ƙofa a Satumba, kuma ba sa jira a rufe kafin su fara karantawa. Fayil na shigowa ana dubawa, ana ba da gurbi, ana rabon kuɗin tallafi. Da sanyin safiya ake kama fara. Manyan makarantu da dama suna rufewa wajen tsakiyar Fabrairu, wasu Maris, wasu kuma suna karɓa har bazara. Ita LSAT a shekarun nan ana yin ta a Agusta, Satumba, Oktoba, Nuwamba, Janairu, Fabrairu, Afrilu da Yuni, sakamako yana fitowa bayan kimanin mako uku. Wanda ke zaune a wajen Amurka da Kanada ya duba da kyau, ba kowane zama ake buɗe masa ba.

Ga tarkon da mutane ba sa lura da shi: rajista tana rufewa fiye da wata guda kafin zama. Wanda ya zauna a Oktoba, kafin sakamakonsa ya fito an riga an rufe rajistar Nuwamba. Wanda ya zauna a Nuwamba kuma, tsakanin fitowar makinsa da rufe rajistar Janairu 'yan kwanaki ne. Idan kana da shakka tun farko, gara ka yi rajistar zama na gaba ka ajiye. In makin farko ya yi, sai ka janye. Janyewa ba ta bayyana a rahoto, ba ta cin ɗaya daga cikin damarka, abin da za ka iya rasawa kuɗi ne kawai. Rashin zuwa ba tare da janyewa ba kuwa ana rubuta shi.

A ganina, sake zama a Nuwamba ba ya jawo wani jinkirin da za a damu da shi. Janairu tana da farashin jinkiri, amma ana biya in makin zai tsallaka tsakiya. Daga Fabrairu zuwa sama, a manyan makarantu, ka makara, sai dai don neman ƙarin tallafi ko fita daga jerin masu jira.

Jingine fayil: nan ne aikin yake

Kada ka riƙe takardunka a gida kana jiran sabon maki. Kammala komai ka tura: wasiƙun malamai, takardun sakamako, bayanin kanka. Fayil yana ɗaukar lokaci kafin ofishi ya haɗa shi ya ce ya cika, kuma kana son ranar da sabon makin ya fito ya tarar da komai a shirye. Ba sai ka aika makin da hannunka ba, LSAC ce ke sabunta rahoton zuwa duk makarantar da ka nema.

Tambayar ita ce, a karanta fayil ɗinka yanzu da tsohon maki, ko a jingine shi har sabo ya zo? Makarantu ba su da al'ada ɗaya. Akwai wadda da ta ga kana da rajistar zama na gaba za ta jingine da kanta, ko ba ka roƙa ba. Akwai wadda za ta ci gaba da karantawa sai in ka rubuto ka ce a dakata. Akwai wadda ke tambaya a cikin fom ɗin, ka zaɓa. Ba ka da hanyar sani sai ka karanta shafin kowace ɗaya, in bai fayyace ba ka aika imel. Wannan aikin na yamma ɗaya ne, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa.

Ni kashi uku na raba nawa. Kashi na farko, makarantun da makina ya riga ya kai tsakiyarsu ko ya wuce. Waɗannan na rubuta musu na ce a karanta yanzu, kada a jira Janairu. Babu dalilin da zai sa ka bar fayil mai ƙarfi yana kwance wata biyu kujeru suna ƙarewa. In sabon maki ya zo da kyau daga baya, za ka yi amfani da shi wajen maganar kuɗi. Kuma samun gurbi ko da guda ɗaya ne a Disamba yana sauke wa mutum wani nauyi, ka shiga jarrabawar Janairu da nutsuwa.

Kashi na biyu, makarantun da nake ƙasa da tsakiyarsu sosai, kusa da layin kashi 25 ko ƙasa da shi. Waɗannan na roƙi a jingine. Dalili kuwa, idan aka karanta aka ce a'a, galibi an rufe maganar ke nan a wannan shekarar. Makin da ya zo bayan an ƙi ka, a yawancin wurare, ba ya tayar da fayil. Jinkirin wata biyu da maki mai kyau ya fi saurin da zai kai ka ga ƙi.

Kashi na uku shi ne mai wahala: inda kake ƙasa da tsakiya da maki ɗaya ko biyu. A nan sai ka dubi sauran kayanka. Idan sakamakon digirinka ya haura nasu na tsakiya, kana ba su abu ɗaya da suke so, za ka iya barin a karanta. Mafi munin abin da ya fi yiwuwa shi ne a sa ka a jerin masu jira, kuma sabon maki yana aiki a can. Idan kana ƙasa a duka biyun, ko digirinka na waje ne ba shi da lambar da za a ƙirga, jingine. Na san masu ba da shawara da za su ce a bar komai a karanta da wuri. Ban yarda ba. Zuwa da wuri yana taimakon wanda alkalumansa suka isa, ba ya rufe giɓi.

Imel ɗin gajere ne, layi huɗu ko biyar. Cikakken sunanka, lambarka ta LSAC mai farawa da harafin L, watan da za ka sake zama, da roƙonka a fili: a jingine har sakamako ya fito, ko a ci gaba da karantawa ba tare da jira ba. Kada ka ba da labarin abin da ya same ka a zaman farko, kada ka yi alkawarin makin da za ka samu. Ajiye amsarsu. Bayan mako guda leƙa shafin bibiyar fayil ka tabbata abin da ka roƙa shi aka yi, ofisoshin nan dubban fayiloli suke juyawa. Idan kuma ka fasa zaman ka janye, wajibi ne ka koma ka sanar da duk wadda ta jingine, in ba haka ba fayil ɗinka zai zauna yana jiran makin da ba zai zo ba.

Wanda ya shiga tsarin nan na yanke hukunci da wuri, inda kake sa hannu cewa in an ɗauke ka dole ka je ka janye daga sauran, ya sani zaman Janairu ba zai taimake shi a can ba. A yawancin makarantu wa'adin tsarin wajen tsakiyar Nuwamba ne, amsa kuma kafin ƙarshen Disamba. In kana da yaƙinin makinka zai hau, kada ka ɗaure kanka tun yanzu, don wanda ya ɗaure kansa ba shi da bakin neman ƙarin tallafi.

Iyaka, kuɗi, da maganar sokewa

Ba a zama yadda aka ga dama. Sau biyar ne cikin shekarun da ake kai rahoton maki, sau bakwai a tsawon rayuwa. Zaman da ka soke yana cikin lissafi. A shekarar jarrabawa ta 2024 zuwa 2025 kuɗin zama dala 238 ne, rajistar hidimar haɗa takardu ta CAS dala 207, kowane rahoto zuwa makaranta dala 45, kuma kuɗin yakan ɗan ƙaru duk shekara. Kuɗi ne, ba a musu. Amma a makarantu masu zaman kansu na sahun gaba kuɗin karatu kaɗai ya haura dala 70,000 a shekara, kuma ɗalibin da ya zo da biza ba ya samun rancen gwamnatin tarayya. Idan maki uku za su iya ƙara maka tallafin dala dubbai a kowace shekara har uku, kuɗin rajista ba abin tsayawa a kai ba ne.

Sokewa iri biyu ce. Kana da kwana shida bayan jarrabawa ka soke ba tare da ka ga makin ba. Ko kuma ka sayi hidimar LSAC da ake kira Score Preview, ka ga makin, sannan a ba ka kwana shida ka yanke ko a bar shi ko a soke. Ta farkon ba na ba kowa shawararta sai wanda ya san tabbas wani abu ya rushe, misali ya bar rabin sashe babu amsa. Yadda mutum ke ji bayan fitowa ba ma'auni ba ne, sau da yawa sashen da ya fi tayar maka da hankali shi ne na gwaji wanda ba a ƙirgawa. Ta biyun ma, tunda babban maki ake ɗauka, faɗuwar maki ɗaya ko biyu ba ta cancanci sokewa ba. Wanda ke da 163 ya sake ya sami 162, ya bar shi. Wanda ya faɗo 154, to, nan Score Preview ta yi rana.

Shirin mako shida zuwa takwas

Tun Agustan 2024 aka cire sashen da ake kira Logic Games. Yanzu sassa huɗu ne, kowanne minti 35: biyu na auna hujja, ɗaya na fahimtar dogon rubutu, ɗaya na gwaji. Wannan ya shafi mai sake zama kai tsaye, domin sashen da aka cire shi ne wanda ake iya gyarawa cikin sauri da yawan maimaici. Abin da ya rage a hankali yake hawa. Duk littafin da ke hannunka na kafin wannan lokacin, tsallake wancan ɓangaren.

Kada ka koma shafin farko na littafi. Ka riga ka san jarrabawar, abin da ba ka sani ba shi ne takamaiman inda kake zubar da maki. Buɗe littafin kurakurai. Duk tambayar da ka faɗi, rubuta abu biyu da kalmominka: me ya ja ka zuwa amsar da ka zaɓa, kuma wace kalma ce a cikin amsar daidai ka raina. Bayan mako biyu za ka ga kurakuran suna da dangi. Nawa yawanci a tambayoyin da ke neman zaton da hujja ba za ta tsaya ba sai da shi suke, ina zaɓar amsa mai ƙarfin lafazi alhali mai taushin ce daidai. Wani nasa lokaci ne, yana kashe minti huɗu a kan tambaya ɗaya mai wuya ya rasa uku masu sauƙi a ƙarshe. Ba a rage maki don kuskure, saboda haka kada ka bar ko guda babu amsa.

Jarrabawar gwaji cikakkiya ɗaya ko biyu a mako ta isa, a kan LawHub, dandalin intanet na LSAC, don idonka ya saba da fuskar da za ka gani ranar. Kafin ka duba amsoshi, koma kan tambayoyin da ka yi shakka ka sake yin su ba agogo. Wadda ka gyara da kanka matsalar lokaci ce, wadda ka sake faɗi matsalar fahimta ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Yi gwajin a irin sa'ar da za ka zauna. Rubutun muhawara na LSAT da ake yi daban, in kana da guda a fayil, ba sai ka sake ba.

Ka sa wa kanka sharaɗi tun yanzu: idan mako guda kafin zama gwajinka bai haura tsohon makinka da aƙalla uku ba, janye, ka sanar da makarantu su karanta.

Bayan sabon makin ya fito

In ya hau, aika ɗan saƙo ga waɗanda suka jingine cewa sakamako ya iso, a ci gaba. Idan hawan babba ne, kamar maki bakwai ko fiye, wasu makarantun suna son takardar ƙarin bayani. Jimla uku sun isa: a zaman farko kaza ya faru, ko kuma na canja yadda nake shiri, makin na biyu shi ya fi nuna iyawata. Ba wurin kuka ba ne. In bai motsa ba ko ya ɗan sauka, kada ka rubuta komai sai an tambaya.

Makarantun da suka riga suka ba ka gurbi, yanzu ne lokacin komawa gare su. Yi godiya, faɗi sabon makin, ka tambaya ko za a sake duba tallafin. Wasu suna da fom na musamman don wannan, wasu sun ce ba sa ciniki, kuma in sun faɗa haka a bar su. Idan wata makaranta mai irin matsayinsu ta ba ka fiye, haɗa da wasiƙarta. Duba kuma ko tallafin mai sharaɗi ne, wato sai ka riƙe wani matsayi a aji. Rahoton 509 yana nuna mutum nawa aka rage wa ko aka janye wa irin wannan, kuma a wasu makarantun adadin yana da ban tsoro. A Afrilu zuwa farkon Mayu za a nemi kafin alƙalami na riƙe kujera, ɗaruruwan daloli, galibi ba a mayarwa. Gama cinikinka kafin ranar.

Saura jerin masu jira. Mutane da yawa suna zaune a kansa jiran gawon shanu, alhali akwai abin yi. A lokacin bazara makaranta tana kallon alkaluman ajin da ta tara, tana neman wanda zai riƙe mata makin tsakiya. Wanda ya zauna a Afrilu ko Yuni ya tsallaka wannan layin, ya aiko da wasiƙar cewa har yanzu yana so kuma in an kira shi zai zo, ya bambanta da sauran. Tambayi ofishin tukuna ko suna duba makin Yuni ga masu jira. Amma mai buƙatar biza ya yi lissafi da kyau: sakamakon Yuni sai wajen ƙarshen wata, karatu yana farawa a Agusta, kuma tsakani akwai takardar I-20 da makaranta ke bayarwa don neman biza, da shaidar kuɗi, da neman ranar ganawa a ofishin jakadanci don bizar ɗalibai ta F-1. Ga mafi yawan masu zuwa daga waje, Afrilu ce dama ta ƙarshe mai ma'ana.

Idan kuwa makin Yuni ya zo ya haura duk abin da ka nema da shi, ko tun farko tazarar ta fi ƙarfin mako shida, janye ka sake nema a Satumba. Makin yana aiki shekara biyar, takardun sakamako da wasiƙun malamai suna nan a asusunka na CAS. Abin da za ka sabunta shi ne bayanin kanka, kada ka tura wa makaranta ɗaya rubutu ɗaya sau biyu, da wasiƙa guda sabuwa daga wanda ya ga aikinka a cikin shekarar. Makarantar da ta ba ka gurbi ka ƙi, rubuta mata da ladabi kafin wa'adinta ya cika, domin wataƙila mutanen ofishin nan su ne za su sake buɗe fayil ɗinka a Oktoba.